Shekarar da Na Kira Salla a Kufai

Ni na yi laifin, kuma ba a kan rashin sani na yi shi ba. Da wannan na fara don kada ɗayanku ya karanta abin da ke tafe yana nema mini uzuri. Manyanku sun san muryata a lasifikar masallaci. Ƙananan kuwa sun taso suna jin ana ce mini Ladan, ba su taɓa jin na kira salla ba. Innarku ta faɗa muku ciwon maƙogwaro ne, ta faɗi haka ne don ta rufa mini asiri, Allah ya saka mata. Maƙogwarona lafiyarsa ƙalau. Ban yi boko mai zurfi ba, allo na yi sai 'yan azuzuwan firamare, don haka za ni faɗi abin yadda ya faru, ba ado.

A Tungar Marke aka haife ni, ladanci kuma gadonsa na yi wurin kakanku. Ku da kuka saba da birni, inda masallatai ke kira a kan juna, ba za ku gane abin da kiran salla yake a ƙauye ba. A wurinmu ba lokacin salla kaɗai yake faɗi ba. Matafiyi da ya fito daga Burkusuma a kan babur, in ya kusanci gari ya ji kira, ya san akwai mutane, akwai ruwan sha, an kwana lafiya. In lokaci ya yi ƙauye bai kira ba, maƙwabta kan aiko a ga ko mutuwa aka yi. Da daji ya lalace abin ya ƙara nauyi, kowane ƙauye ya koma sauraren na kusa da shi. Ba a tambayar ko gari kaza na nan, sai dai a ce, an ji kiransu yau? Ladan bai taɓa zama abin tuhuma ba, domin wa zai yi ƙarya da sunan Allah a lasifika?

Abokina tun muna kiwon awaki shi ne Abdu Jatau, katangarmu ɗaya. Manomi ne na gaske, mai tsokana, ba ya ganina bai ce muryata ta fi cikina girma ba. Ranar da matarsa Tumba ta haifi ɗansu na fari, ni ya buga wa ƙofa. Na karɓi jaririn a zane, na kira salla a kunnensa na dama, na yi iƙama a na hagu, kamar yadda ake yi. Lawali ke nan. Muryata ce farkon abin da ya shiga kunnensa a duniya, kuma ya girma yana ce mini Baba Ladan.

Shekarar da nake ba ku labari, mutanen daji suka matsa mana tun damina na tsakiya. Bayan sun shigo karo na biyu, garin ya watse, gero na tsaye a gona ya fara ƙosawa. Yawancinmu muka yi Sabon Birni, aka ba mu azuzuwan wata makaranta. Abdu bai bi mu ba. Ya kai iyalinsa ƙauyen surukansa, hayin fadama ta wajen Gangara, ya ce daga can ko ba komai iska na kawo masa warin gonarsa. Ni kuwa a birni na zama ba kowa ba. Kowane masallaci da ladaninsa. In lokaci ya yi sai in ji ƙirjina ya cika, in ji wani yaro na jan kira yana tauye harafi, ni ina tsugune a bakin famfo da buta. Yunwa ta taɓa mu, amma ba ita ta fi cina ba. Ku riƙe wannan, domin ta nan aka kama ni.

Ana cikin haka aka sa ranar zaɓen ƙananan hukumomi. Kowa ya san yadda wannan zaɓe yake tafiya, jam'iyyar da ke riƙe da mulki ita ke kwashe kujeru. Sai dai mazaɓarmu ta zo da gardama. Mutanen da suka kwana a kan simintin aji sun ƙullaci masu mulki, sun rantse ɗan adawa za su ba kansila. In aka kawo akwatin Tungar Marke cikin makarantar nan, a gaban idonsu, jam'iyya ta faɗi a mazaɓar. In kuwa aka kai akwatin can ƙauyen, inda babu kowa, to wanda ya kai shi shi zai cika shi. Amma malaman zaɓe ba za su yarda su kai akwati kufai ba, sai an tabbatar musu mutane sun koma. Wannan lissafi ba ni na yi shi ba. Shugaban jam'iyya na mazaɓa ne, wani Alhaji Bala, ya zo da shi har inda nake zaune gindin dalbejiya. Ya tsuguna kamar mai neman addu'a.

"Ladan, kwana nawa rabonka da lasihika?"

Na ce masa tun ranar da muka fito.

"Haba. Murya irin taka tana kwance awa garma da rani? Ni ba wani abu nika so ba. Ga batir sabo, ga mai babur. Ka tahi da hantsi, ka kira azahar, ka kira la'asar, ka dawo kahin rana ta hwaɗi. Masallacin Allah na, bai kamata shi zauna shiru ba."

"Alhaji, wa za ni kira? Ba kowa garin."

"Kai dai kira. Wanda za ya ji, ya ji."

Na gane abin da yake nufi sarai. Yana so maƙwabta su ji, labari ya kai birni cewa Tungar Marke ta tashi. Ban tambaye shi abin da zai faru da wanda ya ji ya gaskata ba. Na ce wa kaina kiran salla ba ya zama zunubi. Da na faɗa wa innarku, tana tsince wake a faifai, ba ta ɗago ba ta ce:

"Malam, in kac ce ku taho ga salla, wani ya taho, kana nan ka tarbe shi?"

"Ba mai tahowa, Rabi."

"To mi za ka kira?"

Na ce mata mata ba su san sha'anin maza ba. Ta ci gaba da tsintar wakenta.

Mai babur ɗin, Na'Allah, ba ya shiga garin. A gindin marken bakin hanya yake sauke ni, ya koma nesa ya jira inda zai iya gudu. Ranar farko na shiga da ƙafa, batir a kaina. Ban taɓa sanin gari na da ƙara ba sai da na ji babu ita. Rana tsaka, ba daka, ba kuka, ba zakara. Ƙofofi a buɗe kamar masu gidan sun leƙa maƙwabta. Turmin gidan liman na tsaye da taɓarya a ciki, ruwan sama ya taru ya yi kore. Wani zanen yaro na kan igiya, rana ta cinye launinsa. Gero kuwa ya kewaye garin ya fi mutum tsawo, ya nuna, tsuntsaye na tashi daga cikinsa kamar hayaƙi. Na share masallaci, na haɗa waya, na sa yatsu a kunne. Da na ce Allahu akbar, muryar ta fita ta bugi katangu ta dawo mini, kamar wani ladan na tsaye a ƙarshen gari yana maimaitawa a bayana. Tsigar jikina ta tashi. Amma kada in ɓoye muku, daɗi na ji. Na ja kiran nan yadda ban taɓa ja ba. Na yi salla ni kaɗai, na zauna har la'asar, na sake kira, na fita.

Haka muka yi ta yi. Kafin mako ya zagayo, zance ya cika makarantar da muke, wai an ji kira daga gida. Mutane na tambayata, ni kuma in ce ai ina leƙawa ne in share masallaci, gari dai shiru. Ban ce su koma ba, ban ce kada su koma ba. A lokacin ina ganin wannan wayo ne.

Wata rana na iso na tarar da ƙasar bakin masallaci a jiƙe, wurin da ake alwala. Ba a yi ruwa ba. Jiƙewar wuri uku ce, jere, irin ta mutanen da suka tsuguna kusa da juna. Butar da na bari a kife tana tsaye, da sauran ruwa. Na duba hagu da dama, ba kowa, sai kan gero na kaɗawa. Na ce wa kaina makiyaya ne masu wucewa. Na kira salla, amma ranar ban ja ba.

Kashegari na tayar da azahar ni kaɗai kamar kullum. Ina cikin raka'a ta biyu, ina karatu a zuci, sai na ji an ajiye wani abu mai nauyi a kan tabarma a bayana, ƙarar ƙarfe. Aka sake ajiye wani. Sannan hannu ya taɓa kafaɗata ta dama, a hankali. Kun san ma'anar wannan. In mutum ya tarar da kai kana salla kai kaɗai ya taɓa kafaɗarka, ya mai da kai limaminsa ke nan, sai ka ɗaga murya a kabbara ya bi ka. Ban ji takunsu ba, ban ji sallamarsu ba. Ba a waiwaye a salla. Na ɗaga murya na ce Allahu akbar na yi ruku'u, na ji tufafi na motsi a bayana, sun bi ni. Warin hayaƙin itace da man babur ya cika masallacin. Ban san abin da na karanta a sauran raka'o'in ba. Da na yi sallama ta dama, idona ya faɗa kan bakin bindiga kwance a tabarma, inda goshin masu bin liman ke sauka.

Su uku ne, fuskokinsu naɗe da rawani. Suka shafa addu'a kamar kowa. Na tsakiyar, wanda ya taɓa ni, ya miƙo mini hannu muka gaisa. Hannunsa sanyi, na ruwan alwala. Muryarsa ta yaro ce, bai fi Lawali ba.

"Ladan, muna jin ka kullum. Muryarka na kai wa har inda muke."

Na ce Allah ya sa mu dace.

"Mutanenka sun dawo?"

Da na ce a'a, babu mai dawowa, aikin siyasa ne kawai, wataƙila da sun yi dariya sun tafi. Amma tsoro ya sa na so in nuna ba ni kaɗai ba ne a duniya, akwai jama'a a bayana. Na ce:

"Suna tahe. Kwanan nan."

"To madalla," in ji shi. "Gari ba mutane ba shi da daɗi. Ga gero ya nuna, ba mai yanka."

Suka ɗauki bindigoginsu suka fita. Ban ji tashin babur ba. Na leƙa, ba kowa a fili, sai wani layi a cikin gero da ke rufewa.

Ranar ban jira la'asar ba. Na sami Alhaji Bala a ofishin jam'iyya na faɗa masa komai. Ya tura hularsa baya, ya ce ai ga shi nan, ba su taɓa ni ba, har salla suka yi a bayana, wannan alamar sulhu ce. Ya ce saura kwana biyu, malaman zaɓe sun riga sun yarda, ranar za a zo da masu rakiya da bindigogi. In na fasa yanzu, an ce ni na yi wa jama'a ƙarya tun farko.

"Ka riƙe bakinka zuwa Assabar, Ladan. Bayan nan ka hau hasumiya ka hwaɗa ma duniya."

Innarku ban faɗa mata ba. Ta ga ban ci tuwo ba, ta dube ni, ta ɗauke kwanon.

Ranar Juma'a, jajibirin zaɓe, na koma. Na kira azahar, ba wanda ya zo. Na kira la'asar. Ina sauke yatsuna daga kunne sai na ji kukan jaki a bakin gari, sannan na ji dariyar da na sani tun ina yaro. Abdu Jatau ne, da Lawali a bayansa yana jan jaki, an ɗora masa tabarma da tukunya da buhunan wofi. Abdu ya rame, amma fuskarsa kamar ranar idi.

"Kai, mai ƙaton maƙoshi! Kwana da kwanaki kana hana mu barcin rana hayin hwadama. Tumba tac ce mahwalki nika yi, nic ce wanga jan ba mai yin shi sai Garba. In Garba na kira, gari ya zauna."

Lawali ya durƙusa ya gaishe ni, ya karɓi butata ya cika ta a rijiya ba tare da na sa shi ba. Muka yi la'asar mu uku, ni a gaba. Bayan sallama Abdu ya dubi tabarmar, ya dubi ƙofa.

"Ina sauran jama'a?"

"Suna tahe. Gobe za a kawo akwatin zaɓe, da rakiya."

"Zaɓe ya dami masu zaɓe. Ni gerona nika so in yanke kahin tsuntsu shi gama da shi." Sai ya rage murya, don kada ɗansa ya ji. "Garba, tsakaninka da Allah, lahiya dai? Ba ka ga komi ba?"

Ga inda nake so ku tsaya. Yana zaune daidai wurin da aka ajiye bindigar jiya. Kalma ɗaya ta isa. Rana ba ta faɗi ba, da sun juya da jakinsu sun kai hayi kafin magariba. Amma na tuna in Abdu ya koma ya faɗa, kafin safe labari ya kai birni, akwati ba zai zo ba, kuma kowa zai san ladanin Tungar Marke ya yi kwanaki yana kiran mutane zuwa bakin bindiga. Na ce a raina dare ɗaya ne, gobe masu rakiya na zuwa. Na dubi abokina na ce:

"Lahiya lau."

"Alhamdu lillahi. To ka kira muna magariba, mu ji daɗi."

Na ce za ni koma in shirya iyali, da safe muna tare. Ya yi dariya ya ce birni ya lalata ni, na saba da shinkafa. Lawali ya raka ni har gindin marke yana ɗauke da batir, ya ɗaura mini shi a babur.

"Sai da sahe, Baba Ladan."

Da safe muka taho da motoci biyu, da akwati, da malaman zaɓe, wasu samari ne malaman makaranta, tsoro ya cika musu ido. Da muka kusa, hayaƙi siriri na tashi daga cikin gari. Alhaji Bala ya nuna shi da baki yana murmushi.

"Kun gani? Wa yac ce ba mutane? Ga girki can ana yi."

Aka ajiye teburi a inuwar masallaci. Ni na wuce gidan Abdu. Na yi sallama, jaki ne ya amsa, yana ɗaure a turke yana zagaye. Tukunyar wake na kan murhu, ruwan ya ƙone, waken ya zama gawayi, wani guntun icce na ci a hankali, shi ne hayaƙin da muka gani. Tabarma biyu a shimfiɗe. An yanko gero dami ɗaya an jingine a rumbu, ba a gama ɗaure shi ba. Butar Abdu cike take, a tsaye, ruwan bai taɓu ba. A ƙofar baya, wadda ke fita gona, takalmin Lawali ƙafa ɗaya, da sawun tayoyi da suka shiga cikin gero.

Na dawo na raɗa wa Alhaji Bala. Bai ko juyo ba, ya ce in bari a rufe akwati. Masu rakiya na tsaye a bakin hanya, taku kaɗan tsakanina da su, ban je na faɗa musu ba. A cikin zauren liman yaran jam'iyya na zaune sun baje takardu suna dangwala yatsa, suna raha, ɗaya na cewa shi yau ya zama mutum ɗari. Layin masu zaɓe kuwa babu shi, sai teburi da akwati da fili. Da rana ta take, Alhaji Bala ya ce in kira azahar, yana so a ɗauka a waya a nuna a birni. Na shiga na kira. Da na kai wurin ku taho ga salla, na tsaya ina sauraro, ina fatan in ji Abdu ya yi gyaran murya daga wani lungu. Muryata ce kawai ta dawo daga ƙarshen gari. Wannan ne kirana na ƙarshe.

Jam'iyya ta cinye kujerun shugaban ƙaramar hukuma da kansiloli gaba ɗaya, ba a bar wa adawa ko kujera ɗaya ba. Aka faɗa a rediyo muna zaune a makaranta, aka ce Tungar Marke ta fito ƙwanta da kwarkwata. Wata tsohuwa, Iya Ige, ta dubi mutanen da ke kwance a kan siminti ta ce, ashe mun koma gida ba mu sani ba, to su wa ke nan kwance? Ba wanda ya yi dariya. A ranar na faɗa wa mai garinmu cewa an ɗauki Abdu da ɗansa. Na ce da na je na tarar. Ban ce na gan su ranar Juma'a ba.

Sai da sanyi ya shiga Abdu ya fito, bayan danginsa sun sayar da gonar nan da ya koma dominta sun biya fansa. Shi kaɗai ya fito. Zazzaɓi ya kama Lawali a can, ɗaure, ba magani, ya rasu kansa a kan cinyar ubansa. Na bi jama'a muka je ta'aziyya hayin fadama. Na ɓuya a tsakiyar mutane, da layi ya zo kaina na ce Allah ya jiƙansa. Abdu ya riƙe hannuna ya daɗe, ya dube ni, ya ce, amin, Ladan. Bai ce Garba ba. Sai ya saki hannuna.

Kansilan da aka yi wannan dominsa bai taɓa taka Tungar Marke ba. Kafin wa'adinsu ya cika aka rushe su aka naɗa na riƙo. Da iska ta juya, Alhaji Bala ya koma ɗaya jam'iyyar da hularsa da yaransa, yau shi ke zagin waɗanda ya yi wa aiki. Ni kuwa sau biyu ana ba ni ladanci a unguwar da muka zauna. Ina tsayawa gaban lasifika, in sa yatsu a kunne, sai in ji hannun nan mai sanyi a kafaɗata ta dama. Na san ba kowa. Amma murya ba ta fita. A sahu ma ban yarda in yi salla ni kaɗai inda akwai fili a bayana, sai na jingina da bango.

Bara, da matar ɗan'uwanku Sanusi ta haihu, kun tuna an miƙo mini jaririn in yi masa kira a kunne. Kun ga na riƙe shi, na buɗe baki, na mayar da shi na fita. Kun ce tsufa ne. Innarku ta biyo ni bayan ɗaki. A nan na faɗa mata duk abin da na rubuta muku yanzu. Ta saurara har ƙarshe.

"Na daɗe da sanin akwai abu," in ji ta. "Muryarka ba ɓata tay yi ba, Malam. Tana can gidan Tumba. Ko su ba ka, ko su hana ka, can za ka."

Na hau babur zuwa hayin fadama da hantsi. Na sami Abdu a ƙofar gidan surukansa yana tufka igiya, gemunsa ya yi fari fat. Daga cikin gida ana daka. Na zauna a ƙasa, ba a kan tabarmarsa ba. Na fara magana, ya ɗaga hannu.

"Wanda yat taɓa kahwaɗarka shi yat tsare mu can. Yaro na mai surutu. Tun daren hwarko yac ce, ladaninku yac ce kuna tahe, mun gode mai."

"Ka sani duk shekarun ga?"

"Na sani. Ina jiran in gani ko za ka iya zakkuwa da ƙahwarka." Ya ci gaba da murza igiyar a cinyarsa. "Ni na tambaye ka, ni ka yi ma ƙarya, wannan tsakaninmu na, mun tsuhwa, Allah na nan. Amma ni na ja yaron na kai shi. Uwatai ta hana, tac ce kada mu tahi. Nic ce mata Garba na kira. Ban taɓa gaya mata sauran ba. Ga ta can. Kai za ka gaya mata."

Ya ɗaga murya ya ce, Tumba, ga Ladan. Dakan ya tsaya. Ba ta fito ba, ta zo bayan zana ta tsaya, ina ganin ƙafafunta ta ƙasa, da garin gero a kansu. Ba ta gaishe ni ba. Na durƙusa a gaban zanar, gwiwa biyu, na ce:

"Tumba, ni na Garba. Kiran da kunka ji, ba kowa garin, ni kaɗai na, don akwatin zaɓe nika yin shi. Na ga mutanen daji da idona, sun yi salla bayana, ni nic ce musu kuna tahe. Abdu ya tambaye ni tsakanina da Allah, Lawali na zaune kusa da mu, shi yac cika mani buta, nic ce lahiya lau. Da na hwaɗi gaskiya da ɗanki ya kwana gabanki. Ni na yi mai kira ga kunne ranar da kinka haihe shi, ni kuma na kira shi inda yam mutu. Ban zo in ce tsoro na ba, ko an sa ni. Ni na yi. Ki yahe mani in kina iyawa. In ba ki iyawa, hakkinki na, za ni tahi da shi har gaban Allah, ba ni musu."